Me ya sa ƙwararru ke mutuwa a zaftarewar dusar ƙanƙara?

Nasiru, daga Innsbruck

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata ta biyu ke nan ina karatu a Innsbruck ta ƙasar Austriya, garin da tsaunukan Alps suka yi wa zobe. A hunturun bara na koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a filayen da aka tanada domin haka, inda ma'aikata ke sintiri, suna rufe hanya da zarar sun ga alamar haɗari. Bana kuwa abokan karatuna suna gayyatata zuwa abin da suka fi ƙauna, wato a bar filin da aka killace, a hau dutse da ƙafa na awa uku ko huɗu, sannan a gangaro ta inda babu sawun kowa.

Na kusa amsa musu, sai maƙwabciyata ta ba ni labarin ƙanenta da dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi shekaru kaɗan da suka wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin ba sabon shiga ba ne. Ya fi shekara 20 yana wannan harka, yana da dukan kayan kariya, kuma a gangaren da ya sani tun yana yaro ajali ya same shi. Da ɗan koyo irina ne, da na ce rashin sani ne. To idan masani ma bai tsira ba, mene ne amfanin horon kare kai daga zaftarewar dusar ƙanƙara da ake ta cewa in je in yi? Ina roƙon wanda ya san wannan al'amari ya yi mini bayani tsakani da Allah.

Injiniya Bashir, daga Zurik

Wa alaikumus salam, ƙanena Nasiru. Allah Ya ba maƙwabciyarka haƙuri. Na yi shekara 11 a Suwizalan, kuma na yi wannan horo har sau biyu, saboda haka bari in fara da yadda abin yake faruwa, domin sai an fahimce shi tambayarka za ta amsu.

Dusar da ke kan dutse ba abu guda ba ce, hawa-hawa take, kowace zuba da shimfiɗarta. Wani lokaci sanyin dare yakan mayar da wata shimfiɗa ta zama garas-garas kamar sukari, sai sabuwar dusa ta sauka a kanta, iska ta daddanne ta har ta zama faifai guda mai ƙarfi. Ka ɗauka an ɗora ƙyauren ƙofa a kan gero da aka baza a gangare. Daga sama ba za ka ga komai ba sai fari fes, amma nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya shimfiɗar ƙasan, tsagar ta ruga cikin ƙiftawar ido, faifan ya ɓalle gaba ɗaya da kai a tsakiyarsa. Wannan ne ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na zaftarewar da ke kashe masu wannan wasa, mamacin ne ko wani daga cikin tawagarsa ya tayar da ita. Kuma mafi yawanta tana faruwa ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, wanda shi ne daidai gangaren da gwani yake nema. Ɗan koyo ba ya ma iya zuwa can.

A tsaunukan Alps gaba ɗaya ana rasa mutum kusan 100 a kowane hunturu, a nan Suwizalan kuma abin yana kai wa sama da 20 a matsakaicin lissafi. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos tana fitar da hasashen haɗari kullum, bisa ma'auni mai mataki 5 da ƙasashen Turai suka amince da shi a 1993. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ba a mataki na 5 aka fi mutuwa ba, domin ranar kowa yana gida. A mataki na 3 ne, ranar da rana ta fito, dusa ta yi kyau, mutum ya ce ai uku tsakiya ce.

Game da kayan kariya kuwa, kada ka ɗora musu abin da ba za su iya ɗauka ba. Na'urar da ake ratayawa a ƙirji mai aika sigina, da sandar lalube, da shebur, duka aikinsu yana farawa ne bayan an riga an binne ka. Idan dusar ta tsaya takan ƙame kamar siminti, ko yatsa ba ka iya motsawa. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, fiye da kashi 90 cikin 100 sukan rayu, amma zuwa minti 35 adadin ya faɗo kusan kashi 30, saboda numfashi ya ƙare. Jirgi mai saukar ungulu ba kasafai yake isowa cikin wannan lokaci ba, abokan tafiyarka ne kawai za su iya. Yarima Friso na Holan ya yi kusan minti 25 a binne a Lech, nan ƙasar da kake, a watan Fabrairun 2012. An tono shi da rai, amma bai warke ba har ya rasu a Agustan 2013. Akwai kuma waɗanda ba su ma kai ga shaƙewa, karo da itatuwa da duwatsu ke kashe su tun a hanya.

Alhaji Umaru, daga Kano

Nasiru ɗana, ni ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba, amma na karanta bayanin Injiniya sau biyu, kuma na ga abin da na sani. Masu haƙar rijiya da masu haƙar yashi da na gani ƙasa ta rufta musu, galibinsu tsofaffin hannu ne, domin sabon shiga yana tsoron ramin. Iyayenka karatu suka tura ka. Allah Ya ce kada mu jefa kanmu da hannayenmu cikin halaka, kuma ban ga larurar da za ta kai ka bayan dutse ba alhali ga filin da aka tsare. Shawarata ka haƙura da wannan gayyata.

Zainab, daga Denba

Baba Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Maganarka a kan tsofaffin hannu ita ce ainihin amsar, kuma bincike ya tabbatar da ita. Ina aikin jinya a jihar Kolorado, wadda ta fi kowace jiha a Amurka yawan waɗanda zaftarewar dusa ta kashe, kuma ba na mantawa da hunturun 2020 zuwa 2021, lokacin da aka rasa mutum 37 a faɗin ƙasar.

Wani mai bincike, Ian McCammon, ya bi diddigin haɗurra sama da 700 da suka faru a Amurka, ya gano cewa a mafi yawansu alamun haɗari suna nan a fili, mutanen sun gan su, suka wuce. Dalilan da ya lissafa duka na zuciyar ɗan Adam ne: sabo da wuri, da nacewa a kan shirin da aka riga aka yi, da dogaro ga wanda ake ganin shi ne gwani, da son burge abokan tafiya, da gaggawar riga wasu taka sabuwar dusa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sabo ya fi yaudarar waɗanda suka sami horo. Dutse ba ya gyara wa mutum kuskure. Kana iya ratsa mugun gangare sau 50 ka wuce lafiya, kowane wucewa yana ƙara maka yaƙinin cewa ka iya, alhali ranar ce ba ta zo ba. Ina kyautata zaton haka ta faru da ƙanen maƙwabciyarka.

A Tunnel Creek da ke jihar Washinton, ranar 19 ga Fabrairun 2012, tawagar mutum 16 ce ta fita, cikinsu har da fitattun gwanaye da waɗanda suka san wurin ciki da waje. Mutum 3 suka rasu. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun faɗa daga baya cewa hankalinsu bai kwanta ba tun a sama, amma kowa ya yi shiru yana ganin ai manyan sun fi shi sani.

Nan ne nake jin tsoro a kanka, Nasiru. Mu an raine mu da kunya da kara, ba mu saba musanta wa wanda ya gayyace mu ba, balle kana baƙo, kuma kai ne mafi ƙarancin sani a cikinsu. Idan kana tafiya ka ji dusa ta yi wani gum a ƙarƙashin ƙafarka, ko ka ga tsaga ta gudu daga bakin takalmin zamiyarka, ko ka hango inda ta zaftare a ranar, za ka iya buɗe baki ka ce a koma? Idan ba za ka iya ba, horo ba zai amfane ka ba, kuma shawarar Baba ce daidai. Idan za ka iya, to horon yana da amfani, domin babban abin da yake koyarwa shi ne zaɓen gangaren da bai kai digiri 30 ba, wanda kuma babu wani mai tsauri a samansa, da ratsa wuri mai shakku ɗaya bayan ɗaya.

Nasiru, daga Innsbruck

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti Zainab, tambayarki ta same ni, domin gaskiya a yau ba zan iya cewa a koma ba, kuma na lura ban taɓa jin abokan nan nawa suna maganar hasashen haɗarin da ake fitarwa kullum da ƙarfe 5 na yamma a nan jihar Tirol ba. Na sanar da su cewa bana ba zan bi su ba. Baba Alhaji, na ji maganarka, kuma zan kira mahaifina mu tattauna kafin in yanke wani abu game da baɗi. Injiniya, ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta Austriya tana da horo na kwana biyu a watan Janairu, kuma ina so in halarta ko da ba zan fita ba, don in iya karanta hasashen da kaina. Ko wajibi ne in sayi na'urar sigina da shebur tun yanzu, ko ana bayar da aronsu a wurin horon?