Tiyata ta riga ta tafi asibiti, to me za mu kira wadda ake kallo?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina fassara wani ɗan rubutu kan nishaɗin zamanin Turawan mulkin mallaka, sai na ci karo da kalmar theatre. Hannuna ya rubuta "tiyata", na yi maza na goge. Ka ce wa Basakkwace an shiga da ƙanensa tiyata, ka gani ko tafi zai yi ko salati.

A Turanci kalmar guda ce ga ɗakin da likita ke fiɗa da zauren da ake wasa. Mu ta ƙofar asibiti ta shigo mana, don shi Bature ya gina mana a nan. Zauren wasa yana can Ikko, irin su Glover Hall, inda aka fara haska fim a ƙasar nan a Agusta 1903, wata biyar kacal bayan an ci Sakkwato a filin Giginya. Rabonmu daga baya shi ne mota da farin ƙyalle a fili, wato majigi, wadda ita ma sunan fitilar haska hoto ta Turawa ne bakinmu ya lanƙwasa.

Da na nemi shawara, mutum uku sun ce in sa "wasan kwaikwayo" in huta. Na gode, amma rigar ta yi wa abin yawa. Tashen da yara ke yi daga goma ga azumi kwaikwayo ne. Wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawa kwaikwayo ne. Haka na 'yan kama masu wa'azin tuwo da miya, haka na rediyo, haka fim. Duk da wannan suna muke kiransu, kuma mafi yawansu sun girmi zuwan Bature.

Wanda nake nufi daban ne: an rubuta shi, an yi ta gwaji, an sa rana, 'yan kallo na zaune gefe guda suna fuskantar masu wasa. Irin wanda Hubert Ogunde, shahararren ɗan wasan nan Bayarabe, ya riƙa yawo da shi gari gari tun tsakiyar shekarun 1940. Har Kano ya kai wasansa kan ma'aikatan kwal da 'yan sanda suka harbe a Inugu a 1949, hukuma ta hana, aka ci shi tara. A Arewa kuwa makarantun boko ne suka raine shi, malamai na tsara wa ɗalibai. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, ɗan lardin nan namu na Sakkwato, daga wannan tsatson ya fito.

Wata 'yar'uwa ta kawo "gidan kallo". Ƙwallon Ingila ta riga ta ƙwace shi, Hajiya. "Gidan wasa" kuma, kin san inda hankalin mutane zai tafi, ba sai na faɗa ba.

An ɗan yi musu kan dandali da dandamali, bari in raba. Dandali fili ne na kowa, da dare 'yan mata su yi gaɗa, ba gaba ba baya, mai kallo yanzu shi ne mai rawa anjima. Dandamali wuri ne da aka ɗaga sama a hau. Saboda haka "wasan dandamali" daidai ne, masana ma suna faɗinsa. Nauyi kawai ya yi mini a baki.

Sai ga wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya turo: "Ɗana, wanga abu ai wasan daɓe muka ce mai." Allah ya ƙara girma, Baba. Daɓe dai ƙasa ce da mata suka jiƙa suka buga da madaɓi har ta yi sumul, kuma a kan irinta aka fara yin abin tun kafin a samu katako da labule. Kalmar gajeriya ce, tamu ce, kuma tsofaffin 'yan ƙungiyoyin wasa da ita suke bambanta aikinsu da na talbijin.

Na tsaya a nan: wasan shi ne wasan daɓe, abin da ake hawa dandamali, ginin kuma zauren wasan daɓe. Jimlar da ta tsayar da ni yanzu ta zama: "A Kano hukuma ta hana Ogunde yin wasan daɓe." Mai ja ya zo da tasa kafin gobe, da safe zan miƙa aikin.