Iska ce ta ci kuɗin Abu Hanif ko kamfani?

Abu Hanif: Salamu alaikum jama'a. Yau sai kun yi haƙuri da ni, cikina ya cika. Shekara guda ina tara kuɗi don in shiga jirgin nan da ake kwana bakwai a cikinsa a Bahar Maliya, ana nutso da tukunyar iska safe da yamma. Yuro 1,150 na biya, ban da hayar kaya. Abin da aka sayar mana a takarda shi ne wuraren nutso uku a cikin teku: tsibiran Brothers, sai Daedalus, sai Elphinstone. Ni don Daedalus na biya, ina so in ga kifin shak mai kan guduma da idona. Mun tashi daga garin Hurgada na Masar, washegari iskar arewa ta taso, kyaftin ya ce ba za a ratsa teku zuwa can ba. Muka je muka laɓe a bayan murjani kusa da gaɓa, wurin da ƙananan jirage ke kai 'yan koyo su wuni su dawo. Kwana uku muna nan, igiyar da aka ɗaure jirgi tana kuka, kofin shayi yana yawo a kan tebur, Bajamushen da muke ɗaki ɗaya ya rungume bokiti ya ƙi saki. Daedalus ko hasumiyar fitilarsa ban hango ba. Da muka sauka na rubuta wa kamfanin, suka ce yarjejeniya ta ce hanya tana hannun yanayi da kyaftin, ko sisi ba za su maido ba, sai dai rangwamen kashi 10 in na sake zuwa. Wallahi wannan damfara ce.

Maman Ilham: Innalillahi. Sannu ƙanena. Allah ya mayar da alheri.

Injiniya na Jidda: Sannu Abu Hanif, amma kalmar damfara ta yi nauyi. Ɗan damfara shi ne wanda ya karɓi kuɗinka alhali babu jirgin. Kai ka hau jirgi, ka ci abinci sau uku, ka yi nutso, ka dawo da ƙafafunka.

Abu Hanif: Injiniya, in ka biya kuɗin rago aka kawo maka zakara aka ce ai shi ma nama ne fa?

Injiniya na Jidda: Wannan cuta ce, ba damfara ba.

Ɗan Baiwa: To mene ne bambancin cuta da damfara? Ku Zazzagawa kun iya raba gashi gida biyu.

Injiniya na Jidda: Damfara da niyya ake yin ta tun farko. Ka kawo mini shaidar cewa sun san iska za ta taso ranar da suka karɓi kuɗinsa wata shida da suka wuce.

Ɗan Baiwa: Ranar tashi ai sun sani. Waya ma tana nuna iskar kwana biyar masu zuwa, balle kyaftin.

Malam Ustaz: In ana so a daidaita harshe, ha'inci ya fi kusa. Damfara ta 'yan 419 ce.

Ɗan Baiwa: Allah gafarta malam, ha'inci ai a mudu ake yi.

Malam Ustaz: Wannan algus kake nufi, ko tauye mudu. Ka koma makaranta.

Na Yawuri: Ni dai dariya nake. Bakano ya ga ruwan Tiga ya ɗauka ya san ruwa. Mu da aka haifa a bakin Kwara mun san in mai jirgi ya ce yau ba a ƙetarewa, ba ka musu da shi. Ka gode masa ma.

Abu Hanif: Yaya, nutsona sama da 60 a rubuce a littafi. Ba a ma barin mutum ya je waɗancan wuraren sai ya yi kusan 50. Kai ka taɓa sauka mita 30?

Na Yawuri: Ba da tukunya a baya ba, da huhun da Allah ya ba ni. Ba sai na biya yuro ba.

Maman Ilham: Don Allah ku bari. Yaron nan kuka ya kawo.

Injiniya na Jidda: Bari in tuna muku abin da ya sa na ce a bi a hankali. Ranar 24 ga Nuwamba 2024 jirgin Sea Story ya tashi daga Port Ghalib da mutum 44, 'yan yawon buɗe ido 31 da ma'aikata 13. Hukumar yanayi ta Masar ta riga ta yi gargaɗin ruwa zai yi tsauri a kwanakin. Kafin gari ya waye ranar 25 jirgin ya kife a kudu da Marsa Alam, mutane suna barci. Mutum 33 suka tsira, 11 ko dai an sami gawarsu ko ba a gan su ba. Akwai waɗanda suka shafe sama da kwana guda a maƙale cikin jirgin a duhu, suna shaƙar 'yar iskar da ta rage a saman ɗaki. Da kyaftin ɗinka ya biye maka ya ratsa, da yanzu wata maganar muke yi a nan.

Abu Hanif: Ni ban ce a ratsa ba. Ku koma ku karanta. Kyaftin ya yi daidai, na ma ba shi tukwici da hannuna. Maganata kuɗi ce. Man da za a ƙona zuwa Daedalus da dawowa ba a ƙona ba. Kuɗin izinin shiga wurin an karɓa a hannuna, ba a shiga ba. Ina suka tafi?

Ɗan Baiwa: Kuma Injiniya rabin labari ka bayar. Gwamnan yankin ne ya ce wani babban raƙumin ruwa ya bugi jirgin. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun gaya wa BBC ba su gamsu da wannan bayanin ba, sun kuma yi ƙorafi kan kayan ceto. A Fabrairun 2025 hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi, ta ce ta san da haɗurra 16 na irin waɗannan jiragen a Bahar Maliya cikin shekara biyar. Duk iska ce? Jirgin Hurricane da ya kashe Turawan Ingila uku a 2023 gobara ce ta ci shi. Kullum a ɗora wa iska, tunda ba ta da baki.

Injiniya na Jidda: Yanzu kai ka fi gwamna sani.

Ɗan Baiwa: Yaushe ka fara yarda da gwamnoni? Jiya-jiya kake zagin naku.

Alhaji Admin: A kiyaye. Babu siyasa a nan.

Maman Ilham: Ni dai gani nake ƙaddara ce. Abin da ba rabonka ba ko yana bakinka sai ya faɗi.

Ɗan Baiwa: Hajiya da girmanki, wannan kalmar ita ta hana mu ci gaba. Jirgi ya nutse da ɗaliban Islamiyya a Bagwai a 2021, an loda shi ya wuce ƙima, aka ce ƙaddara.

Malam Ustaz: Ka iya bakinka Ɗan Baiwa. Imani da ƙaddara rukuni ne.

Ɗan Baiwa: Ban musa ba malam. Iska ƙaddara ce, na yarda. Riƙe kuɗin mutum kuma fa? Shi ma iska ce ta riƙe?

Maman Ilham: Ni ba da kai nake ba ma.

Malam Ustaz: To tunda an zo nan, malamanmu ba su bar wannan babin a buɗe ba. A Risala, wajen maganar haya, an ce mai jirgin ruwa ba ya biyan abin da ya salwanta a jirginsa, amma kuma ba shi da kuɗin haya sai in ya isar. Ku lura da adalcin: ba a kama shi da laifin ruwa ba, ba a kuma bar shi ya ci kuɗin tafiyar da bai kai ba.

Abu Hanif: Allah ya saka da alheri malam! Abin da nake ta faɗa ke nan tun ɗazu.

Injiniya na Jidda: Wannan maganar jirgin dako ce, a ɗauki buhu daga wannan tasha a kai waccan. Shi otal ya kama mai tafiya a kan ruwa. Ya kwana bakwai, an dafa masa, an cika masa tukunya. Kuma ya sa hannu a sharaɗi, musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu.

Malam Ustaz: Injiniya, ka tsaya a kan siminti da rodi. Fiƙihu a gaban malamai ake karanta shi, ba a waya ba.

Injiniya na Jidda: Wato mu da ba mu zauna a zaure ba ba mu da ta cewa. Dama na san nan za a zo.

Malam Ustaz: Kai ka faɗa.

Na Yawuri: Ni tambayata ɗaya. Salla fa? Jirgi yana juyawa, ina alƙibla?

Abu Hanif: Masu aikin jirgin duk musulmi ne, tare muke yi a saman bene. Mai dafa abinci ne liman. Ranar da iska ta yi tsanani a zaune muka yi.

Na Yawuri: To ka ga ka samu lada, ka bar musu yuron.

Ɗan Baiwa: Abu Hanif, da kati ka biya? In da kati ne ka kai ƙara bankinka. Ko ka rubuta wa ƙungiyar da ke kula da harkar nutso a Masar, CDWS.

Abu Hanif: Rabi ta banki, rabi a hannu ranar hawa. Inshorata kuma ta jinya ce kawai, in nutso ya yi wa mutum illa. Ba ta san iska ba.

Injiniya na Jidda: Ka gani. Akwai inshorar da ke biyan kwanakin da yanayi ya hana nutso, ba ka saya ba, ka zo kana kiran mutane 'yan damfara.

Ɗan Baiwa: Mun dawo kan damfara ke nan.

Malam Ustaz: Ha'inci.

Alhaji Admin: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita. Na karanta komai daga farko. Mafi yawan 'yan'uwa sun tafi a kan cewa babu damfara, kuma ya kamata ƙaninmu Abu Hanif ya janye kalmar. An yarda kyaftin ya ceci rayuka, kamar yadda Injiniya ya kawo hujja mai ƙarfi da alƙaluma. Maganar malam mun ji, muna girmamawa, amma ta shafi jiragen da. Ni da nake harkar tikiti da biza shekara da shekaru na san abin da kamfani ke sha: albashin ma'aikata, abinci, kuɗin tasha, duk an kashe kafin fasinja ya taka jirgi, amma mutanenmu ba sa karanta takarda sai abu ya ɓaci. Rangwamen kashi 10 ma karamci ne. Mai son tafiya Masar ko Umara ya same ni ta gefe. An rufe wannan maganar.

Ɗan Baiwa: Alhaji, mafi yawan su wa? Na ƙirga, Injiniya ne da Na Yawuri.

Abu Hanif: Ban janye ba. Kuma har yanzu babu wanda ya gaya mini ina kuɗin man ya tafi.

Na Yawuri: Ka turo hoton Bajamushen da bokiti.