Kwamin wanka na ruwan zafi a tsakar gida, wa ya taɓa yi a nan Damagaram?

DanBirni:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema dan Allah. Shekara ta fi goma ina fama da ciwon baya, tun ina tuƙin mota tsakanin Zinder da Agadas, to bara na je Istambul sarin kaya, otel ɗin da na sauka akwai wannan kwamin da suke ce ma jakuzi, ruwa mai ɗumi yana ɓulɓulowa ta gefe yana matse maka baya, wallahi kwana uku na yi ina barci kamar jariri. Tun da na dawo abin yana raina. Ina da fili a bayan ɗaki inda za a iya zagaye shi da katanga, kuma na ga akwai na roba da ake hurawa da kuma mai ƙarfi na mutum huɗu. Uwargida ta ce ɓarnar kuɗi ce, ni kuma bayana ne ke min ciwo ba nata ba. Wanda ya san kan abin ya gaya min gaskiya, amfaninsa da wahalarsa.

Plombiye_Zango:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ni aikin famfo nake, bari in fara da ruwa tunda nan ne gizo ke saƙa. Na mutum huɗu yana cin kamar lita 1000, wato bido 40 na lita 25, ka lissafa da kuɗin garuwa a watan Afrilu lokacin da robine ke yin kwanaki ba ɗigo. Garin nan kan dutse yake zaune, shi ya sa tun da can daga Gogo Machaya da Aroungouza ake jawo mana ruwa, daga baya aka ƙara Ganaram, kuma har yau ka san yadda wasu unguwanni ke tashi tsakar dare tarar ruwa. To ba sau ɗaya za ka cika ka manta ba, duk wata uku ko huɗu sai an zubar an sake, ban da wanda rana ke shanyewa. Sannan nauyi, lita ɗaya kilo ɗaya ce, da mutane a ciki ya wuce tan guda, sai magini ya zuba maka daɓen kankare mai kauri, kada ma ka yi tunanin ɗora shi kan bene. Na robar kuwa ban ba ka shawara ba, ranar Damagaram da ƙaya da yara, ba zai kai ko'ina ba.

MaiKuran:
Yaya, ɓangaren kuran, wato wutar lantarki, ma ka duba. Abin dumama ruwan yana jan kilowat 2 zuwa 3, kuma kafin lita 1000 ta tashi daga digiri 22 zuwa 37 sai ta ci wajen kilowat-awa 17, awa shida ko fi yana aiki kenan in ba a ɗauke ba, ga injin tace ruwa da ke son ya yi ta juyawa kullum. Faktir, takardar kuɗin wuta, za ta gaya maka. In kuran ya tafi kwana biyu ruwan ya tsaya, ya fara yauƙi. Kuma ina roƙonka don Allah kada ka ba yaron unguwa haɗin wayar, ruwa da kuran mutuwa ce, dole a sa masa layinsa daban da waya ta ƙasa da disjonkter na miliamfa 30 mai yanke wuta nan take.

MamanYara:
Alhaji sannu da jiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba zan ce maka ruwan ɗumi bai da amfani ba, yana sakin jijiya yana rage tsamin jiki, barcin da ka yi gaskiya ne. Amma sauƙi yake kawowa, ba ya warkar da abin da ke cikin ƙashin bayan, ka je a yi maka hoto tukuna. In kana da tansiyo, wato hawan jini, ko ciwon zuciya ko suga sai likita ya yarda, kada zafin ya wuce digiri 40, kada ka wuce minti 15 zuwa 20 a ciki, mai juna biyu kuwa ba ta shiga. Ruwan ɗumi da ba a sa masa kulorin daidai gidan ƙwayoyin cuta ne, akwai mai kawo ƙuraje, akwai Legionella da ke bin tururin ta shiga huhu. Da damina in aka bar shi a buɗe sauro ya samu wurin haihuwa. Abin da ya fi tsaya min a rai dai yara ne, gidajenmu ba a rufe suke ba, ɗanka da ɗan maƙwabci duk tsakar gida ɗaya suke wasa, yaro ɗan shekara biyu ba ya ihu in ya faɗa ruwa. In ba murfi mai kwaɗo da ƙofa mai kulle, ina tare da Hajiya ɗari bisa ɗari.

Plombiye_Zango:
Na manta ban ce ba, wata nawa ma za ka more shi? Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, kuma lokacin ne ƙura ke toshe abin tace ruwan duk kwana biyu. Afrilu da Mayu muna sama da digiri 40, wa zai shiga ruwan zafi. Da ni ne kai, bahon kwanciya na mutum ɗaya zan sa a banɗaki, lita 150 zuwa 200, in ɗora tankin dumama ruwa na hasken rana a sama. Ka gama a ja ruwan zuwa gindin darbejiya.

DanBirni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maganar yaran nan ta sanyaya min jiki, jikokina uku ne a gidan. Malam mai famfo, shi bahon akwai mai ɗan injin da ke bugun baya ko sai an yo oda daga Kano? In akwai ka zo ranar Asabar bayan la'asar ka auna banɗakin.