Neman shawara: raket ɗin tanis da na saya ya fi ƙarfin hannuna ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara. Wata biyar ke nan da na fara koyon tanis, sau biyu a mako. Da raket ɗin aro na fara, daga baya na tara kuɗi na sayi Wilson Pro Staff RF97, irin raket ɗin shahararren ɗan tanis Roger Federer, don tun ina yaro shi nake kallo. To tun da na riƙe shi wasana ya koma baya. Ƙwallon da a da take tsallake raga yanzu a jikin ragar take ƙarewa, in kuma ban same ta a tsakiyar fuskar raket ba sai in ji girgiza har kafaɗa. Kafin minti 40 hannuna ya mutu. Jiya ƙofa kawai na murɗa, gwiwar hannuna ta ɗauki zafi. In daure har hannun ya saba, ko in canza?

Tsohon koci: Wa alaikumussalam ƙanena. Kada ka daure. Raket ɗin nan giram 340 ne tun ba a ɗaura masa igiya ba, faɗin fuskarsa kuma inci murabba'i 97. An yi shi ne don wanda ya riga ya iya juya kafaɗa da wuri, ya ja hannu baya tun ƙwallo ba ta sauka ba. Kai a wata biyar makara kake yi, kamar kowane ɗan koyo, sai ka cike gurbin da wuyan hannu. Nan ne ciwon yake shigowa. Shi kansa Federer ya shekara da shekaru yana riƙe da mai faɗin 90, sai a 2014 ya koma 97 saboda yana son fuska mai ɗan yalwa. Ka nemi mai faɗin 100 zuwa 105, nauyi tsakanin giram 270 da 290, tsawo inci 27 na manya. Fuska mai faɗi tana yafe maka kuskure, ko ka ɗan kauce wa tsakiya ƙwallo za ta tafi.

Wani ɗan ƙungiya: Ni dai a ganina ya sayi wanda ya fi kowanne sauƙi, irin na giram 250 mai ƙaton kai 110. Ko yini ya yi yana wasa ba zai gaji ba.

Wata 'yar wasa: Malam, a nan ban goyi bayanka ba, don na bi ta wannan hanyar. Na shekara da irin wannan raket ɗin. Ranar farko daɗi kamar ba ka riƙe komai ba, amma da na fara haɗuwa da masu bugu da ƙarfi sai ya riƙa karkacewa a hannuna, har sai na damƙe mariƙin kamar zan fasa shi. Ƙwallo kusan giram 58 ce, in ta taho da gudu raket maras nauyi ba ya iya tare ta, hannunka ne ke shan dukan. Yawancinsu kuma nauyin a kai yake, jikinsu ga tauri. Suna da amfani ga dattawa da waɗanda ba sa jan hannu da nisa, ban musa ba. Amma saurayin da ke son ci gaba zai wuce shi cikin 'yan watanni. Ni da na koma mai faɗin 100, giram 285, ban sake waiwaye ba. Masu giram 300 irin Babolat Pure Drive su ne mataki na gaba, in bugunka ya zauna.

Mai ɗaura igiya: Duk kun yi maganar jikin raket kun bar igiya, alhali ita ce ke taɓa ƙwallo. Ɗan'uwa, wace iri aka ɗaura maka? In ka ga tana sheƙi, tana da tauri kamar waya, foliyesta ce. Ita ƙwararru ke so don tana juya ƙwallo kuma ba ta saurin tsinkewa, amma ba ta tausayin gwiwar hannu, musamman in ta tsufa a jikin raket. Ɗan koyo igiya mai laushi ta fi masa, wadda aka tufka da siraran zare da yawa, a ja ta kilo 22 zuwa 24. Sassautawa kaɗan tana ƙara ƙarfin bugu, tana rage girgiza. Sai mariƙi: ka riƙe kamar za ka buga, ka sa manunin ɗaya hannun tsakanin kan yatsunka da tudun tafinka. Ya kamata ya shiga daidai. In kana shakka tsakanin lambobin kaurin mariƙi guda biyu ka ɗauki ƙaramar, don naɗa ƙyalle a ƙara kauri abu ne mai sauƙi, ragewa ce wahala.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na duba. Foliyesta ce, kuma lambar kaurin da aka rubuta a gindin mariƙin L4 ce. Da na gwada, yatsana ya shiga har da sauran fili. Wallahi ban san ana duba wannan ba, launi da suna kawai na kalla. Koci, in sayar da shi ke nan?

Tsohon koci: Hannunka L3 ne ko L2, waɗanda ba su kai L4 kauri ba, ka gwada duka biyun. Amma kafin maganar saye, ka huta da wasa har zafin ya kwanta, in ya ƙi ka ga likita, don ciwon gwiwar hannu in ya zauna yana cin watanni. Da ka warke, ari raket biyu ko uku a wajen abokan wasanka, ka yi rabin awa da kowanne. Kada ka yanke hukunci a bugu goma na farko, ka lura da yadda hannunka yake a minti na talatin, lokacin da ka fara gajiya kana makara. Shi kuwa RF97, in ba kuɗin kake buƙata ba ka ajiye shi, amma ka tuna mariƙin ya yi maka girma ko da wasanka ya kai. In ka samu mai babban hannu da ya daɗe yana wasa, ku yi musaya.