Wai me za mu kira "pollution lumineuse" da Hausa?

1/ Ƴan uwa, kalma nake nema. Daren jiya na hau saman bene a unguwar Bukoki, nan Yamai, na kafa kyamara kan ƙafafunta uku, ina son ɗaukar taurarin Kaza da Ƴaƴanta. Hoton ya fito jajir, kamar ruwan kogin Isa da damina. Ƙanena ya ce me ya ɓata shi, sai na ji bakina ya ce pollution lumineuse. Inna na gefe tana lazimi, ta ɗago ta ce, "Wace ce kuma wannan?" Na rasa amsa.

2/ Ga abin da ake nufi. Fitilun titi, na shaguna, na gidajen mai, duk hasken da ya tsere sama yakan ci karo da ƙura da tururin ruwa, ya watsu, ya dawo mana. Sai sama ta yi fari-fari, ƙananan taurari su nutse.

3/ Na sa maganar a majalisarmu ta shayi. Na farko ya ce "gurɓatar haske". Ban yarda ba. In ka ce gurɓatar ruwa, ruwan ne ya ɓaci. Gurɓatar iska, iskar ce. To a nan hasken lafiyarsa lau, shi ne ma mai laifin. Fassarar baki da baki ce, an ɗauko Faransanci an sa masa hula.

4/ Wani malamin lekwal ya ce ashe "gurɓatar duhu" ke nan. A hankalce ya fi kowa gaskiya, don duhun ne aka lalata. Amma mutanen da ke kiran jahilci duhun kai, kuma suke murna ranar da kuran ya shigo ƙauyensu, ta yaya za ka ce musu duhu abin tattali ne? Dariya za su yi maka.

5/ An kawo "kashe-ido". Kalma ce mai daɗi, sai dai wurinta daban: fitilar mota da ta haske ka a Gadar Kennedy, ita ke kashe ido. Ni kuwa ko na juya wa duk fitilun unguwa baya, saman tana nan yadda take.

6/ Tawa shawarar: HAZON FITILA.

Bahaushe ya san hazo. Ba gajimare ba ne, ba hadari ba ne, amma yana rufe abin da ke nesa, yana yin kauri, yana yin sauƙi, yana washewa. Duk aikatau ɗin da muke buƙata suna nan a shirye. "Yau hazon fitila ya yi kauri wajen Babbar Kasuwa." "Sai ka wuce filin jirgi, ka miƙi hanyar Kure, kafin ya washe." Ba inda harshe ya yi tuntuɓe.

Kuma a Yamai hazo da hasken fitila aure suka yi. Da hunturu, lokacin da taurarin Oriyon da Kaza ke ratsawa kusan tsakar ka, lokacin ne ƙura ke cika sama, hasken gari ya sami abin kamawa.

7/ Kawuna ya ƙi. Ya ce hazo na Allah ne, yana da lokacinsa, wannan kuwa aikin ɗan Adam ne, rani da damina. Na ce, Kawu, ai shi ya sa muka jingina shi ga fitila. Shi da ya tashi yana jin lissafin taurarin noma, su Haƙ'a da Han'a, ya yi shiru, ya ce rabonsa da ganin su da kyau tun yana ƙauye.

8/ Kalmar tana ɗaukar lissafi ma. Ma'aunin da wani mai kallon taurari, John Bortle, ya fitar a 2001 ya kasa sama mataki 9: na 1 duhun daji, na 9 tsakiyar birni. Sai mu ce "hazon fitila mataki na 8". Taswirar hasken fitilun duniya ta 2016 kuma ta nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na mutane suna kwana ƙarƙashin wannan hazo.

9/ Ga masu ɗaukar hoto: dokar 500 (ka raba 500 da milimitar gilashin kyamararka) ta ce gilashi mai milimita 24 zai jure daƙiƙa 20 kafin taurari su ja wutsiya. A cikin gari hazon fitila zai wanke hoton kafin ka kai nan. Ni nakan ɗauki gajeru da yawa, in jibga su a Siril, manhajar haɗa hotunan taurari, in kuma nufi tsakar ka, ba gefen sama ba. Matatar hasken da ake sayarwa don sa wa kyamara kuwa, fitilun sodiyam masu ruwan goro aka yi wa ita. Farar LED ta titunanmu ta fi ƙarfinta, kada ka yi asarar jikkunanka.

10/ Da safe na koma wa Inna da "hazon fitila". Ba ta nemi bayani ba, cewa ta yi, "To, ka jira a ɗauke kuran mana." Mai wadda ta fi wannan ya kawo. Ƴan Tawa kuma in kun ga dama ku ce hazon hitila, ba mu da hwaɗa.