Neman shawara: garin dutsen aman wuta na Kerang zai rage min siminti?

Mai Bulo Mangu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wajen Kerang da Panyam akwai wani dutse mai ƙofofi, baƙi da ja, marar nauyi, na tsofaffin duwatsun aman wuta. An ce min in aka niƙa shi ana haɗa shi da siminti ko da laim (ƙonannen farin dutse da aka jiƙa), wai shi ake kira fozolana. Aikin da ke gabana katanga ce da daɓe da shago biyu masu dakin. Nawa ake zubawa a buhu? Zai shiga fila da dakin? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Gini:
Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka faɗa maka, amma da sharaɗi. Garin shi kaɗai ba ya kamawa ko ka kwaɓa shi. Idan siminti ya sha ruwa yana fitar da laim a cikin kankare, sai garin ya cinye laim ɗin ya mayar da shi irin sinadarin da ke ƙarfafa siminti. Shi ya sa kankaren ke fitowa a matse, ruwa da gishirin ƙasa ba sa ratsa shi da sauƙi. Da irin wannan toka ta Pozzuoli kusa da Naples Rumawa suka yi gine-ginen bakin teku.

Sai dai aikin a hankali yake tafiya. A kwana 7 kankaren fozolana yana bayan na zallan siminti, sai wajen kwana 56 zuwa 90 yake kamo shi.

Fara da kashi 15 zuwa 20 cikin 100, kuma da sikeli, kada a auna da kwano, don garin da siminti nauyinsu ba ɗaya ba ne. Aikin da zai ci buhu biyar, sa buhu huɗu da kilo 50 na gari. Cakuɗa su a bushe har launi ya zama ɗaya kafin yashi ya shiga. Ruwa kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane kilo 50 na haɗin.

Duba jikin buhunka tukuna. Yawancin simintin kasuwarmu CEM II ne, an riga an sirka shi da garin farin dutse tun a kamfani. In lambar ƙarfin da ke jikin buhun 32.5 ce, sirki kan sirki za ka yi, kuma laim ɗin da garin zai ci ya ragu. Nemi 42.5.

Mai Gwajin Kankare:
Ƙari kan bayanin Injiniya. Inda aka fi faɗuwa wajen niƙa ne. Ƙa'idar ASTM C618, ta Amurka kan ingancin fozolana, ta ce abin da zai tsaya a rariya mai maikiron 45 kada ya wuce kashi 34 cikin 100. Wato in ka murza shi a yatsa ka ji shi kamar siminti. In kana jin tsaki-tsaki, yashi ka ƙara ka rage siminti a banza. Injin niƙan masara ba zai kai shi nan ba, ƙarfensa kawai zai cinye. Injin ganga mai ƙwallayen ƙarfe ake nema. Mai niƙa ya rufe hanci da baki, ƙurar tana lahanta huhu.

Ba kowane baƙin dutse ba ne kuma. Wanda ya huce da sauri ya yi ƙofofi shi ke da ɓangaren gilashin da ke aiki. Dunƙulallen baƙin dutse mai nauyi ko ka niƙa shi cikon wuri ne kawai. Jar ƙasar sama da ta rududduge ta koma laka a kankare ta a zubar, ruwa take sha tana jawo tsagewa.

Gwajin gida: kwano ɗaya na laim, biyu na gari, kwaɓa da kauri, yi ƙananan curi, rufe a leda kwana 7, sannan ka jefa a bokitin ruwa. In ya narke, bar dutsen. In ya zauna yana ƙara tauri, kai samfuri sashen injiniyan gini na jami'a ko kwalejin fasaha a yi kiyub, wato ƙananan tubalan gwaji da ake matsewa a inji a auna ƙarfinsu. Abin da ake nema, haɗin kashi 20 ya kai aƙalla kashi 75 na ƙarfin zallan siminti a kwana 7 ko 28.

Alhaji Birkila:
Injiniya ranka ya daɗe, ban yarda a ce masa ya fara da 20 yanzu ba. Hunturu ya kawo jiki, ga iska bushe, ga sanyin Filato da ke rage saurin kamawa. Haɗin nan in ya bushe da wuri ya tsaya ke nan, sai daɓe ya riƙa tashin gari in an share. Ko dai ya jira damina, ko ya rufe da buhunan algarara a jiƙe da leda a kai, ban ruwa safe da yamma kwana 14. Yayyafin kwana uku da leburori suka saba ba ya isa.

Na laim kuwa, ɗana, ga awo don ɗora bulon katanga da shafe: kwano ɗaya laim, biyu gari, shida yashi mai kaifi. Ƙaramin siminti, kamar kashi ɗaya cikin goma na laim da garin, yana sa ya kama da wuri. Ka kula da abin da za a sayar maka, don farar ƙasar shafa bango sau da yawa alli ce ko farar laka, ba za ta yi komai ba. Laim na gaske ƙonannen dutse ne da aka jiƙa, yana cin hannu, sa safa. Wanda ya daɗe a buɗe ya sha iska ya mutu. Kada kuma ka haɗa su ka ajiye wata da watanni, haɗa na mako.

Injiniyan Gini:
Maganarka dutse, Alhaji, batun ban ruwa. In ba zai iya tsare kwana 14 ba ya sauko kashi 10.

Mai Bulo Mangu:
Na gode ƙwarai. Saura fila da dakin, ba wanda ya taɓa su.

Injiniyan Gini:
Haɗin laim da gari kada ya kusanci rodi ko kaɗan, ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya kuma ba zai tsare ƙarfe daga tsatsa yadda ya kamata ba. Na siminti ma, muddin ba ka da sakamakon kiyub na kwana 28 a hannu, zuba fila da linta da dakin da zallan 42.5. Garin ya tsaya a katanga, daɓe da bulon da ba ya ɗaukar nauyi. In sakamako ya yi kyau injiniyan aikin ya amince, tsaya a kashi 15, bar aƙalla milimita 25 na kankare a kan rodi, kuma kada a cire katakon ƙarƙashin dakin kafin kwana 21. Ɓarɓashin da bai niƙu ba kada ka zubar, yana maye wani ɓangare na yashi a bulo marar nauyi, amma ka jiƙa shi tun daren jiya, in ba haka ba zai shanye ruwan kwaɓin.