Wa ya taɓa cin abincin dare a dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. In Allah ya yarda wata mai zuwa zan kwana 2 a Marrakesh, ƙasar Maroko. Kowa sai ya ce min kada in dawo ban shiga Jami'ul Fana ba. Waɗanda suka taɓa zuwa, yaya kuka same shi, kuma wane lokaci ya fi dacewa?

Wata Hajiya mai saro kaya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Zuwana na farko da hantsi ne, na tarar da fili fetal, daga masu matse lemo sai masu wasa da maciji. Ashe sai rana ta yi sanyi kasuwar abincin ke ci. Na koma bayan la'asar, a kan idona aka riƙa turo amalanke ana kakkafa rumfuna da bencina, kowace rumfa da lambarta. Kafin a kira magariba daga hasumiyar masallacin Kutubiyya, hayaƙin gashi ya turnuƙe wajen. Ban bi masu kirana ba, na zauna inda na ga 'yan gari da iyalansu sun cika benci, na sha harira, miyar tumatir da waken ƙasar, da zafinta. Abu ɗaya ya ɓata min rai: wata mai lalle ta cafke hannuna ta fara zane ban ce ta yi ba, sannan ta tsaya kai da fata sai na biya. Ka tambayi kuɗin komai da dirhami kafin ka taɓa, har hoto.

Wani da ya yi karatu a Maroko: Hajiya, a yi haƙuri, ranar ma ba ta yarwa ba ce. Tanjiya da azahar na fi samunta, a wani lungu gefen dandalin. Nama ne ake zubawa a tulun ƙasa da tafarnuwa da lemon tsamin da ya jiƙu a gishiri, a rufe bakin da takarda, a kai a binne cikin tokar murhun gidan wanka ya yi sa'o'i. Da mutumin ya juye tulun a faranti, naman da kansa ya saki ƙashi. Yaya, idan ka kutsa cikin kasuwar Suƙ Semmarin ka ji an ce "balak", maza ka raɓe bango, jaki ne ko amalanke ke tafe.

Wani dattijo: Ɗana, ni ba ciki ya zaunar da ni a wajen ba. Da'irar da jama'a ke yi wa masu ba da labari da makaɗa, wadda suke kira halƙa, ita ta sa UNESCO ta karrama dandalin a 2001. Na daɗe tsaye wajen makaɗan da ake kira 'yan Ginawa, waɗanda aka kai kakanninsu can a matsayin bayi daga kudancin Sahara. Da na ji amon garayarsu mai tsirkiya 3 sai da tsigar jikina ta tashi. Na sake zuwa bayan girgizar ƙasar Satumban 2023, na ga hasumiyar wani ƙaramin masallaci a bakin dandalin ta zube, makaɗan kuwa suna nan a inda na bar su.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba, 'yan Ginawar nan ta wane ɓangaren dandalin suke zama?